Ɗigo Biyu a Injin Motar Burodi

Shekara goma sha ɗaya Filibus ya yi a garejin Oga Bamidele, can bayan kasuwar Sabon Garin Zariya, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da bai kwance ya ɗaura ba a jikin mota, in ban da abu guda. Yakan sauke inji ba tare da an tsaya a kansa ba. Yakan wasa bawul, ya canja zoben fistin, ya wargaza kafireto ya wanke ya mayar, ko noti ɗaya ba ya yin saura. Amma duk ranar da aka buɗe gaban inji aka kai ga sarƙar taimin, sai Oga Bamidele ya tuna da wani aike. Yau kananzir ne ya ƙare, gobe a je tashar jirgi a duba ko kaya sun iso, jibi a kai wa wani saƙo a Tudun Wada. Kafin Filibus ya dawo an rufe murfi an ɗaure, Oga yana zaune yana goge hannu da tsumma.

Ga wanda bai san cikin mota ba, abin ba shi da wuyar ganewa. A gaban inji, bayan fanka, akwai faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ƙarami a ƙasa, babba a sama, sarƙa ta haɗa su kamar ta keke. Na ƙasa yana juyawa tare da fistin. Na sama shi ke buɗe bawul da rufe su. Dole su tafi tare, kowanne a kan lokacinsa. In sarƙar ta tsallake haƙori ɗaya tak, inji zai yi ta tari yana harbi. In ta tsallake biyu ko uku, ba zai tashi ba ko da an wuni ana murza shi. Daidaita faifan nan biyu shi makanikai ke kira saita taimin, kuma wanda bai iya shi ba, komai daɗewarsa a gareji, sunansa ɗan koyo.

Ba Oga Bamidele kaɗai ke yin haka ba. Al'adar masu gareji ce a wancan zamani: maigida yakan koya maka komai, ya riƙe abu guda. Ranar da ya nuna maka wannan abin, a ranar ka gama, sai ya rubuta maka takardar shaida ya sallame ka. Oga yana da wani ɗan gwangwanin taba da yake ajiyewa a aljihun gaba, ba ya buɗe shi sai wurin ya zama babu kowa, kuma faifan nan biyu shi yake cire su, shi yake wanke su da hannunsa. Har direbobi sukan ce laya ce a cikin gwangwanin. Wasu kuma su ce wani lissafi ne na haƙora da ya koyo a Ikko. Dele, ɗan ƙanwar Oga, shekara biyar ya yi aka nuna masa, yanzu yana Jos yana aiki a wurin masu haƙar kuza. Filibus kuwa, wanda ya baro gonar mahaifinsa a wani ƙauye gaba da Bomo yana saurayi, ga shi har ya yi aure, ya haifi 'ya, furfura ta fara leƙowa a gefen kunnensa, ana aiken sa kananzir.

A daminar shekarar 1956 aka buɗe gurbin makaniki ɗaya a wani babban gareji a Samaru, inda ake gyaran tarakta da motocin gonakin gwaji. Shugaban makanikan wurin, Mista Martin, cocinsu ɗaya da Filibus, kuma ya sha ganin aikinsa. Ya ce masa aikin yana zuwa da ɗaki biyu da famfo a tsakar gida, abin da ake bukata kawai shi ne takarda daga maigidansa mai cewa ya gama koyo, a kawo kafin azahar ɗin Asabar.

Ranar Laraba da safe Salome, matar Filibus, ta ajiye masa koko a ƙofar ɗakinsu na haya a Unguwar Gabas. Tana da ciki wata bakwai, sai da ta dafa bango ta miƙe.

"Baban Elizabet, ka sake yi wa Oga maganar takardar kuwa?"

"Na yi ranar Litinin."

"Me ya ce?"

"Ya ce za mu gani."

"Tun ina amarya ake ganin nan," in ji ta. "Ɗakin nan ba zai ɗauke mu mu huɗu ba. Ga shi Samaru kusa da su Inna take, in na haihu ba sai an yi tafiyar wuni ba. Ka yi masa magana kamar magidanci, ba kamar yaron da ya zo jiya ba."

Filibus ya shanye kokonsa, ya ce zai yi, ya hau keke.

Ya tarar da hayaniya a gareji. Madam Ukachi, mai gidan burodin da ke kai wa Samaru burodi kowace safiya, tana tsaye hannu a ƙugu. Kusa da ita Cindo ne, direban 'yar motarta mai rufaffen baya, yana ba da labari yana kwaikwayon ƙarar inji da baki. Motar ta yi wata biyu tana wata ƙara a gaba kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Yau da ya shiga Samaru ta yi harbi sau biyu, ta mutu a gindin wani maɗaci a bakin hanya. Ya murza ta har kafaɗarsa ta sage, ta ƙi.

"Sarƙa ce ta saki ta tsallake," in ji Oga Bamidele, ko tashi bai yi ba. Babban mutum ne mai kauri, ya haura sittin, ya yi shekara talatin a Zariya, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa.

"Ni ban san sarƙa ba," in ji Madam Ukachi. "Abin da na sani, gobe da asuba burodina ya isa Samaru. In bai isa ba, akwai mai jiran ya ƙwace mini masu saye. Oga, yau nake so."

Aka sayo sabuwar sarƙa a kanti. Aka ɗora akwatin kayan aiki da keken Filibus a bayan wata babbar mota mai zuwa Funtuwa, Oga da Filibus da Cindo suka hau. Mil takwas ne, dawa ta yi tsawo a gefen hanya hagu da dama, sama kuma ta yi nauyi ta gabas.

A gindin maɗacin Oga ya zauna a kan akwatin burodi, Filibus ya kama aiki. Ya tsiyaye ruwan lagireto, tankin da ke sanyaya inji, a bokiti, ya kwance robobinsa, ya cire shi ya jingine a jikin bishiya. Ya sassauta fambel, robar da ke juya fanka, ya cire fanka. Babban notin gaba ya ƙi, sai da Cindo ya sa mota a giya ya taka birki, Filibus ya sa sifana ya buga da guduma sau uku, sannan ya saki. Kowane noti ya cire sai ya jera shi a kan tsumma bisa tsarin da ya fito, don kada a yi ta nema daga baya.

Cindo yana tsugune yana cin burodin da ya yi saura.

"Ɗan koyo mai gemu," ya ce a hankali, yana murmushi. "Saura murfi ko? Ka fara ɗaure ƙafar wandonka, yanzu za a aike ka."

"Ka ci burodin Madam ka yi shiru."

"Ni dai ina tausayin keken nan ne. Ya fi ka sanin taimin, don shi ne ke shan wahalarsa."

Filibus ya cire murfin. Ga sarƙar nan baƙa ƙirin da mai, ta saki har tana lilo in an taɓa ta da yatsa. Bai gama ajiye murfin ba Oga ya miƙe.

"Cindo, ɗauki ragowar burodin nan ka kai wa masu shi, kada ya yi tsami a nan." Ya juyo yana lalubar aljihu. "Filibus, na manta gam ɗin da za mu shafa wa murfi. Hau keke ka je gareji, yana kan kanta."

"Oga, Sabon Gari?"

"A ina garejin yake?"

Cindo ya ɗauki kwandon burodi, ya kalli Filibus, ya kasa dariyar ma. Filibus ya tsaya da murfin a gabansa. Maganar Salome tana bakinsa, amma bai san ta inda zai fara ta ba. Ya goge hannu, ya hau keke.

Bai yi nisa ba ya ga kwanar garejin su Mista Martin, sai ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa. Mil goma sha shida zuwa da dawowa, saboda gam cokali biyu, ga hadari yana haɗuwa. Bai yi niyyar leƙen asirin kowa ba. Gajiya ce kawai ta shekara goma sha ɗaya ta sauko masa. Ya karya kan keke ya shiga. Mista Martin ya zuba masa gam a murfin kwalba, ya tuna masa da Asabar, ya ce mutum shida ne suka riga suka kawo takardunsu.

Ko minti ashirin bai cika ba ya dawo. Ƙasa ta yi laushi da damina, keken bai yi ƙara ba. Ya jingine shi a bayan motar ya zagayo.

Oga Bamidele yana durƙushe a gaban inji. Ya cire faifan biyu ya wanke su da kananzir, ya ɗora babban a cinyarsa. Gwangwanin taba yana buɗe a ƙasa. Babu laya a ciki. 'Yar gajeruwar rula ce ta ƙarfe, da guntun alli, da gilashin tabarau ƙwaya ɗaya wanda ya rabu da ƙarfensa. Oga ya kai faifan dab da hancinsa, yana juya shi a hankali, yana bin gefensa da farce. Ya ɗauki gilashin ya kara a ido, ya karkata wajen haske, ya ajiye. Ya sake bi da farce, ya yi wata magana da Yarbanci ƙasa-ƙasa.

Filibus ya tuna cewa tun bara Oga ya daina hawa babur ɗinsa, ya ce gwiwa ce. Ya tuna yadda a 'yan watannin nan yake miƙo masa ƙananan abubuwa ya ce, kai ɗaura, ni na gaji.

Ya yi gyaran murya. Oga ya zabura, ya jefa tsumma a kan faifan.

"Ka tashi sama ne?"

"A nan Samaru na samo, Oga."

"Ni na ce ka samo a Samaru?"

"A'a."

"To koma ka ɗauko nawa. Wannan ba shi da kyau."

Filibus bai motsa ba. Shi kansa ya yi mamakin ƙafafunsa. Iska ta taso ta kaɗa ganyen maɗaci, aka yi tsawa can wajen Bomo, haske ya ƙara raguwa.

"Oga, ruwa zai sauko, ga inji a buɗe. Madam ta ce yau."

Oga Bamidele ya daɗe yana kallon wajen da Filibus yake tsaye. Sai a lokacin Filibus ya lura da wani fari-fari a tsakiyar idanunsa, kamar an ɗiga nono a ruwa. Dattijon ya sauke numfashi, ya janye tsumman.

"Zo nan. Durƙusa."

Ya durƙusa.

"Duba gefen faifan nan, kusa da haƙora. Akwai wani ɗan ɗigo, kamar an buga da kan ƙusa. Ya cinye, farcena ba ya jin sa."

Filibus ya juya faifan rabin juyi. Ga shi nan, bai kai ƙwayar gero ba.

"Na gan shi."

"Sa masa alli. Ƙaramin ma yana da nasa."

Ya nemo, ya sa.

"Ajiye su a kan katakon nan, ɗigo ya kalli ɗigo. Ɗora musu sabuwar sarƙa. Yanzu ɗora rula ta ratsa tsakiyar wannan da tsakiyar wancan. Ɗigon biyu sun hau bakin rula?"

"Na sama ya ɗan kauce."

"Matsa da haƙori ɗaya."

"Sun hau."

"To juya sandunan inji su yi daidai da ramukan faifan, ka zura su tare, kada sarƙa ta motsa. In sun zauna ka sake gwadawa da rula."

Filibus ya yi yadda aka ce. Ya juya sandar ƙasa kaɗan, ya juya ta sama, ya ɗauki faifan biyu da sarƙarsu kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da ruwa, ya zura. Suka zauna. Ya ɗora rula. Alli biyu suna kan layi ɗaya.

"Sai kuma me, Oga?"

"Shi ke nan."

"Bayan wannan fa?"

"Na ce shi ke nan. Ɗaure."

Filibus ya tsaya da sifana a hannu yana kallon farin alli guda biyu. Duk abin bai kai lokacin da mutum zai sha ruwa kofi ɗaya ba. Sau nawa ya wanke murfin da ke rufe su, sau nawa ya ratsa rana zuwa tashar jirgi ya tsaya a layi yana tambayar kayan da babu su. Ya ɗauka wani ilimi ne mai zurfi, wanda sai an shirya mutum kafin a ɗora masa, har yakan ce wa Salome ai Oga ya san lokacin da ya dace. Ashe ɗigo biyu ne da rula. Ya sunkuya ya ɗaure.

Ya shafa gam, ya mayar da murfi, ya bi notin ɗaya bayan ɗaya yana tsallakawa don murfin ya zauna daidai. Fanka, fambel, lagireto, ruwa. Yayyafi ya fara lokacin da Cindo ya dawo da kwando a ka.

"A'a, har ka dawo daga Sabon Gari? Ko keken ne ya je shi kaɗai?"

Cindo ya ajiye kwandon. Ya shiga ya kunna makulli, Filibus ya zura ƙarfen murzawa a gaba. A juyi na biyu inji ya kama, ya zauna lafiya, babu tsakuwa babu tari.

"Oga ke nan," in ji Cindo, yana buga sitiyari. "Hannun nan naka, Allah ya bar mana shi."

Suka koma Sabon Gari cikin ruwa, Oga a gaba, Filibus a baya tare da kekensa da warin burodi. Zuciyarsa tana ɗaci, amma a ƙarƙashin ɗacin akwai wani sanyi. Ko ta wace hanya aka nuna masa, an dai nuna masa, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Da ya isa gida ya faɗa wa Salome cewa ya saita taimin da hannunsa. Maganar idon Oga kuwa ya bar ta a cikinsa.

Ranar Alhamis ya ce, "Oga, maganar takardar nan, Asabar ce." Oga ya ce ya ji. Ranar Juma'a da hantsi dattijon ya sa riga mai tsabta ya tafi wurin mai buga wasiƙa da tafireta kusa da gidan waya. Ya dawo da ambulan a liƙe, an buga hatimin gareji a kan bakinsa.

"Kada ka buɗe. Ofis ba sa karɓar takardar da aka buɗe."

Filibus ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna ya yi godiya. Ko da ya buɗe ma, karatunsa na Hausa ne da ya koya a coci, Turanci sai sunayen kayan mota. Salome ta naɗe ambulan a cikin ɗankwalinta na zuwa coci don kada gumi ya taɓa shi, ta goge masa farar rigarsa.

Asabar da safe ya isa Samaru tun ƙarfe tara. Mista Martin ya shigar da shi wani ɗan ofis a gefen gareji, ya ba shi kujera, ya yanka ambulan da wuƙa. Ya karanta. Ya gyara zama ya sake karantawa. Sannan ya ajiye takardar a tebur ya danne ta da tafin hannu.

"Filibus, ka san abin da ke ciki?"

"A'a, Mista Martin. Sai ka faɗa mini."

"Ya ce kai mutumin kirki ne, ba ka sata, ba ka sha, ba ka makara. Ya ce hannunka yana da tsabta a aiki." Ya ɗan tsaya. "Sannan ya ce ba ka gama koyo ba. Wai kana bukatar kamar shekara biyu a ƙarƙashinsa kafin a iya bar maka inji kai kaɗai."

A waje wani yana buga ƙarfe, ƙarar tana shigowa ta taga. Filibus ya dubi takardar. Layi bakwai ne ko takwas, da sa hannun Oga a ƙasa, ya karkace ya hau kan rubutun.

"A kawo inji," ya ce. "Kowanne ne. A buɗe shi a wargaza, ka tsaya a kaina. In na kasa, in tafi."

"Na san ba za ka kasa ba. Cindo ya tsaya a nan jiya da motar, na saurari injin. Amma ba ni nake ɗauka ba. Ni tattarawa nake yi in kai sama, su kuma takarda suke karantawa, ba su san fuskar kowa ba. In na ɓoye wannan, ba ka da takarda. In na kai, ga abin da ta ce." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kun yi faɗa ne? Akwai abin da ya kamata in sani?"

Filibus ya buɗe baki. Kalma biyar ko shida ce, kuma kafin Litinin duk direbobin Zariya za su ji cewa Oga Bamidele ba ya gani. Garejin zai mutu a wata guda. Takardar da ke kan tebur kuwa ba za ta canja ko da harafi ɗaya ba.

"Babu," ya ce.

Mista Martin ya mayar da takardar cikin ambulan ya miƙa masa, ya raka shi har wurin keke, yana cewa wataƙila baɗi a sake buɗe wani gurbin. Filibus ya yi masa godiya.

Bai bi ta Unguwar Gabas ba. Ya zarce gareji da farar rigarsa. Oga yana zaune a kan benci kusa da wata babbar mota da aka buɗe mata kai, shi kaɗai. Da jin ƙarar keke ya san ko wane ne.

Filibus ya ajiye ambulan a kan bencin.

"An karanta mini, Oga."

"To."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Zauna."

"A tsaye ma ina ji."

Oga Bamidele ya shafa ambulan da yatsa, bai ɗauka ba.

"Ka ga abin da ka gani ranar Laraba. Likita ya ce yanar ido ce, sai ta nuna kafin a yi aiki, kuma ko an yi babu tabbas. Ina da baki tara a gida. In ka tafi, wa zai gani mini? In ɗauko sabo, kafin sati ya gane, kafin wata kowa ya ji."

"Da ka faɗa mini. Da ka ce, Filibus, tsaya ka taimake ni."

"Da ka tsaya?"

Shi kansa Filibus bai san ko da ya tsaya ba.

"Ka gani," in ji Oga. "Ni ma shekara tara na yi a Ikko ana aike na. Ban mutu ba. Shekara biyu ce kawai. Dele zai dawo daga Jos ya karɓi garejin, sai in rubuta maka wadda ta fi kowacce kyau."

"Dele zai karɓi garejin."

"Jinina ne. Wa kake so in ba?"

"Ban ce ka ba ni ba, Oga. Takarda na roƙa."

Ya juya kamar zai fita, ya tsaya a bakin rumfa. Ya bi garejin Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa. Duk masu su abokan Oga ne, ranar Lahadi tare suke zama, babu wanda zai ɗauki ɗan koyon wani ba tare da sallama ba. Sifana ɗaya ba shi da ita ta kansa. Gonar mahaifinsa kuwa 'yan'uwa sun raba tun tuni. Ga Salome, saura wata biyu.

Ya shiga bayan rumfa, ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa inda mai ba zai taɓa ta ba, ya sa kayan aiki.

Yana fitowa mai babbar motar ya iso, wani ɗan kasuwar gyaɗa mai yawan magana. Ya gaida Oga da hannu biyu, ya ce labarin motar burodi ne ya sa ya kawo tasa nan, an ce ta koma kamar sabuwa. Oga ya yi dariya ya ce aikin ne ya daɗe a hannu. Suka matso gaban inji, saura saita bawul. Oga ya zaro ma'aunin bawul daga aljihu, wasu siraran ƙarafa ne kamar ganye a haɗe, kowanne da lambarsa ƙanana a jiki. Ya baza su kamar mafici, ya miƙa wa Filibus, ya ɗaga murya yadda mai motar zai ji.

"Kai, zo nan. Nuna mini goma sha biyu, in ga ko ka sani."

Filibus ya dube shi. Dattijon yana murmushi wajen mai motar, amma lambobin nan ba sa ganuwa a idonsa. Filibus ya karɓa, ya ware ganyen da ake nema, ya mayar masa.

Oga Bamidele ya ɗaga shi sama, ya yi kamar yana dubawa, ya gyaɗa kai.

"Daidai ne," ya ce wa mai motar. "Yana koyo. A hankali zai iya."